Darasi na 9: Ciwon Damuwa Mai Sauƙi da Hanyoyin Magance Shi

Kowa yakan shiga ɓacin rai. Amma idan mutum ya yi mako 2 ko fiye ransa a jagule, barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, sana'arsa ta fita daga ransa, to wannan shi likitoci ke kira ciwon damuwa. Ciwo ne, ba raunin imani ba. Mai sauƙinsa shi ne wanda mutum ke iya zuwa kasuwa ko gona, sai dai da ƙyar.

A wannan mataki ba a farawa da ƙwaya. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Ana farawa da zama da ma'aikacin lafiya, a tattauna abin da ke cin ran mutum: bashi ne, rashin aiki ne, ko rikicin gida? Sai a ɗauki matsala guda a nemi bakin zarenta. Ana so kuma ya riƙa tattaki na kamar minti 30 a yawancin ranakun mako, ya koma majalisa, mace ta koma zuwa suna da Islamiyya, ko da zuciya ba ta so. Kulle kai a ɗaki shi ke ƙara ciwon. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa asibiti.

Idan abin ya ƙi sauƙi, ko mutum ya taɓa yin mai tsanani a baya, likita na iya rubuta amitriptyline ko fluoxetine. Nan ake buƙatar haƙuri, domin sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji. Da yawa sukan watsar tun makon farko, su ce maganin banza ne. Amitriptyline yana sa barci da bushewar baki, shi ya sa ake shansa da dare. A ɓoye shi daga yara, don yawansa na kisa. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma ba a yankewa rana ɗaya sai da sanin likita.

Kada ku je kemis ku ce a ba ku maganin tunani. Tramadol da kodin ba sa warkar da damuwa, jaraba suke jawowa.

Wanda ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin Daura a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Aikin aji: Rubuta sunan magani ɗaya da ake sha da dare. Wata nawa ake ci gaba da shansa bayan an ji sauƙi?