Yadda Ake Ɗaukar Rigar Sanyi a Kan Keke Lokacin Hunturu

A watannin Disamba da Janairu, mai keke a Jos kan fita da asuba cikin tsananin sanyi, ya dawo da azahar cikin zafin rana. Da farko, ka sa riga mara nauyi, ka ɗora rigar sanyi mai zif a kanta, domin ta fi saurin cirewa. Da zarar jikinka ya yi ɗumi, ka tsaya ka cire ta kafin gumi ya jiƙa ta, saboda jiƙaƙƙiyar riga tana ƙara sanyi idan iska ta buge ta a gangare. Daga nan ka naɗe ta, ka saka a leda saboda ƙura, ka ɗaure a kariyar keken da roba. Ka tabbatar hannun rigar ba ya lilo kusa da taya ko sarƙa.