Tuƙi Tsakanin Sanyin Asuba da Zafin Azahar

Shekara 19 ke nan ina jan mota tsakanin Gumel da Kano, ranar Alhamis kuma nakan ɗauki 'yan kasuwar Maigatari. A watan Janairu, idan na tayar da mota bayan sallar asuba, ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 13, amma kafin la'asar ya kai 30. A Afrilu kuwa har 40 yake haurawa da rana. Ga yadda nake bi da wannan sauyin.

Taya ce farko. Ka auna iskarta da sassafe, kafin motar ta yi tafiya. Iska na kumbura in ta ji zafi: duk ƙarin digiri 10, gejin mai faci zai ƙaru da kusan lamba 2, ban da zafin da gudu kan kwalta ke ƙarawa. Saboda haka awon tsakar rana ba abin dogaro ba ne. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, har da na lokacin da aka yi cikakken lodi.

Kuskuren da ya fi yawa a tasha shi ne sace iska da rana, wai don kada taya ta fashe. Ni ma haka na taso na gani ina yaron mota. Ashe taya mai ƙarancin iska ita ta fi saurin fashewa, don gefenta lanƙwashewa yake ta yi a kowane juyi, sai ta ɗau zafi har wayar ciki ta rabu da roba. Wata bazara, kusa da Gujungu, tayar baya ta yi min bindiga da fasinja cike. Allah ya kiyaye, ban taka birki ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na ɗage ƙafa daga totur, motar ta rage gudu da kanta, sannan na gangara gefe. In ta same ka, haka za ka yi.

Duba kuma lambobi huɗu da ke gefen taya. Misali 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar gwanjo da ta tsufa, ko zanenta na da kyau, robarta ta bushe, ba ta jure ranar Afrilu.

Da asubar hunturu matsalar ido ce da kunne. In hazo ya sauko, kunna ƙaramar fitila. Babbar dawo maka da haske take yi. Gilashi ya yi raɓa ta ciki, sauke taga kaɗan, ko da fasinja za su yi ƙorafi, su dai ba sa rasa abin cewa. Mai babur ya naɗe kansa da rawani, ba ya jin hon. Amalanke ba ta da fitila ko ɗaya. Ka ɗauka suna gabanka tun ba ka hango su ba, ka rage gudu a bakin kowane ƙauye.

Daga azahar zuwa la'asar kuma direba ne abin tsoro. An fito cikin rigar sanyi biyu, an ci shinkafa da wake, rana ta buɗe, sai gyangyaɗi. Cire rigar tun hantsi, ka riƙa kurɓar ruwa. Goro ba ya biyan bashin barci. Da na yi hamma ta uku nake neman inuwa, in yi alwala da ruwan sanyi, in miƙe minti 20.

Idan allurar zafin inji ta hau, tsaya ka kashe motar. Kada ka taɓa murfin lagireto sai ta huce, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska. Ruwan lagireto ma da asuba ake duba shi, tare da taya, kafin a fara lodi.