Yadda unguwa za ta samu filin wasa daga gwamnati, kuma ya zauna

Yawancin unguwannin da suka rasa filin ƙwallo sun rasa shi ne saboda babu takarda. Samari za su shekara ashirin suna buga ƙwallo a wuri, wata safiya su tarar an zuba bulo da yashi, an yanka fulotai. Don haka kafin a yi maganar raga ko siminti, a fara da ƙasar.

Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. A je ma'aikatar ƙasa da safiyo a nemi taswirar shimfiɗar unguwar, a duba ko an ware wurin a matsayin filin jama'a. A Kano, hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke da ruwa da tsaki a nan. Idan an ware shi, a nemi kwafi mai hatimi. Idan ba a ware ba, a rubuta takardar neman a keɓe shi, mai unguwa da dagaci da hakimi su sa hannu. A kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka a kowace kusurwa. Kada takardar ta fito da sunan mutum ɗaya, ko da shi ne dattijon da kowa ya amince da shi, domin ranar da ya kwanta dama fili ya shiga rabon gado. A yi wa ƙungiyar unguwa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, ko a bar filin da sunan ƙaramar hukuma, a rubuta ƙarara cewa na wasanni ne.

Sai a auna abin da ake da shi. Filin ƙwallo na manya yana buƙatar tsawon mita 90 zuwa 120, faɗin 45 zuwa 90, raga kuma mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsayi. Unguwar da ba ta da wannan sarari ta nemi na 'yan biyar-biyar, mita 40 da 20, ko na ƙwallon kwando, 28 da 15. Ƙaramin aiki da aka gama ya fi babban da aka tsaya a harsashi. A miƙe filin kudu da arewa, don kada rana ta riƙa dukan idon mai tsaron gida da la'asar, lokacin da aka fi wasa.

Kuɗi kuma ta ƙofa uku yake zuwa: kasafin ƙaramar hukuma ta hannun kansila, kasafin jiha ta ma'aikatar matasa da wasanni, da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, amma tun tsakiyar shekarar da ta gabata ma'aikatu ke haɗa buƙatunsu. Wanda ya kai takarda a Disamba ya makara. A haɗa buƙatar da taswira, hotuna, adadin ƙungiyoyi da makarantun da za su amfana, da ƙiyasin kuɗi daga ƙwararre, abu-abu: share fili, jar ƙasa tifa nawa, magudana mita nawa, katanga, fitilun sola. Idan kasafi ya fito, a duba a ga sunan unguwar da adadin kuɗin a rubuce. Alkawarin baki a wajen taro ba ya gina komai, kuma shiga kasafi ma ba sakin kuɗi ba ne, sai an yi ta bibiya.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne ruwa. Ɗan kwangila zai baje ƙasa ya shafa wa turaku fenti, a yanke kirtani, ruwan Agusta na farko ya mayar da wurin kududdufi. Tsakiyar fili ta ɗan tasa, ta gangara gefe da kimanin santimita ɗaya a kowace mita, a danne ƙasar da rola daki-daki, a zagaye da magudanar da ke da mafita ta gaske. Ciyawa kuwa kada a shuka ta sai da rijiyar burtsatse da mai ban ruwa, in ba haka ba rani ɗaya zai cinye ta.

Kwamitin unguwa yana da ikon neman ganin takardar kwangila. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomin tarayya kwana 7 su amsa, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC kuma tana bin diddigin ayyukan mazaɓu. Kafin a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa, a jira damina ɗaya ta wuce a ga yadda filin ya yi. A kuma rubuta tun farko wa zai biya maigadi, wa zai sauya batirin fitila, da ranakun da aka ware wa 'yan mata da ɗaliban firamare.