Abin da ya kamata ka yi idan ana cin zarafinka ta intanet a Sakkwato

Sau da yawa wanda yake cin zarafin mutum ta waya ya san shi ciki da bai: saurayin da aka ƙi, ko tsohon miji da bai huce ba, ko ƙawar da aka ɓata da ita, ko abokin hamayyar siyasa, ko almajirin wani malami da yake ganin zagin wanda ya saɓa wa malaminsa ibada ce. Abin da intanet ta ƙara musu shi ne damar ɓoye fuska a bayan shafin bogi, da arhar yaɗa magana, da kuma 'yan kallo masu tura duk abin da ya shigo wayarsu ba tare da sun tambayi asalinsa ba. A TikTok da Facebook kuwa cin mutunci yana jawo mabiya, mabiya kuma suna jawo talla da kyauta, don haka akwai waɗanda suka mayar da tozarta mutane sana'a.

A gari irin Sakkwato, inda binciken aure ya dogara ga abin da maƙwabta da 'yan unguwa suka faɗa, hoto ɗaya ko saƙon murya ɗaya da ya zaga zaurukan WhatsApp yana iya warware baiko, ya hana ɗaliba shiga aji, ya sa matar da take sayar da atamfa ko turaren wuta ta waya ta rufe shafin da take ci da 'ya'yanta da shi. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa yadda ya fi dacewa a bi su, domin wanda ya fara da na ƙarshe yakan lalata na farko.

Adana hujja kafin komai

Abin da zuciya take fara raya wa mutum shi ne ya goge saƙon, ya toshe mai shi, don kada idonsa ya sake gani. Ka daure, kada ka goge ko harafi ɗaya tukuna. Ka ɗauki hoton fuskar wayarka yadda sunan shafin ko lambar wayar, da ranar, da lokacin za su fito tare da maganar, kuma ka ɗauki hirar tun daga farkonta har da amsoshin da kai ka bayar, domin hirar da aka gutsure tana ba wanda ake ƙara damar cewa an juya masa magana. Idan a Facebook ko TikTok ne, ka kwafi adireshin shafin da na rubutun kansa ka ajiye, saboda sunan da ake gani a sama ana iya sauya shi cikin minti ɗaya, kuma mutane da yawa suna iya amsa suna iri ɗaya. A WhatsApp akwai hanyar fitar da hira gaba ɗayanta tare da hotuna da saƙonnin murya a tura ta imel. Ka yi hakan. Idan an nemi kuɗi, lambar asusun da aka turo maka ita ce hujja mafi tsada a hannunka, domin kowane asusu yana rataye da bayanan wanda ya buɗe shi.

Bayan wannan ka samu littafi ka riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa, har da sunayen waɗanda suka gani kuma za su yarda su ba da shaida. Ka ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam, amma wayar da saƙon ya shigo kada ka sayar da ita, kada ka kai a wanke ta. Dalili shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga kwamfuta ko waya, amma yana buƙatar a bayyana na'urar da ta fito daga ciki da yadda aka fitar da ita, kuma a tabbatar tana aiki daidai a lokacin. Wanda ya zo da takardar da aka buga a shagon kwamfuta alhali wayar ta bar hannunsa ya wahalar da lauyansa.

Togiya ɗaya ce a nan, kuma babba ce: idan hoton tsiraici ne na wanda bai kai shekara 18 ba, kada a kwafa shi, kada a tura wa kowa ko da sunan neman shawara, domin yaɗa irinsa laifi ne mai zaman kansa. A adana saƙonnin barazanar da bayanan shafin, a kai wayar ga hukuma.

Kada ka rama, kada kuma ka riƙe abin kai kaɗai

Ramuwa tana ba mai cin zarafi abin da ya fito nema, wato amsa da 'yan kallo, sannan tana mayar da ƙararka rigima tsakanin mutum biyu da suka zagi juna. Idan ka ga dole ka yi magana, saƙo ɗaya ya isa, wanda za ka ce a cikinsa ka daina tuntuɓata, na adana duk abin da ka turo. Daga nan sai ka yi shiru, ka kuma roƙi 'yan uwa da abokai kada su shiga faɗan da sunan kare ka, musamman kada su wallafa lambar mutumin ko hoton gidansu, domin wannan ma cin zarafi ne, kuma idan aka yi kuskuren mutum an zalunci wanda bai ji ba bai gani ba.

Shirun da ake nufi ga mai cin zarafin ne kaɗai. Ka nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri da hankali, yaya ko gwaggo ko kawu ko malamin makaranta, ka nuna masa komai. A nan nake da magana da iyaye. Idan 'yarku ta zo tana kuka ta ce wani yana yi mata barazana da hotonta, abin da kuka yi a wannan sa'ar shi ne zai yanke yadda lamarin zai ƙare. Idan aka tare ta da duka, aka ƙwace wayar aka fasa, aka ce ta jawo wa gida abin kunya, to an lalata hujja, an kuma tabbatar mata da abin da azzalumin yake faɗa mata kullum, cewa ba ta da wurin zuwa sai wurinsa. Faɗa da nasiha suna da ranarsu, amma ranar farko ta kariya ce. Tsoron gida shi ne jarin da irin waɗannan mutane suke juyawa, kuma da zarar sun gane cewa baba da inna sun riga sun sani, rabin ƙarfinsu ya tafi.

Idan ana barazana da hoto ko bidiyo

Kada ki biya, kada kuma ki tura wani hoton don a goge na farko. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya gane cewa akwai abin karɓa, kuma babu yadda za ki tabbatar ya goge. Wannan matsala ba ta mata ba ce kaɗai; samari da magidanta ma suna faɗawa hannun shafukan bogi masu ɗauke da hoton mace. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya waɗanda ake amfani da su wajen irin wannan ƙwace.

Akwai shafukan intanet biyu na kyauta da ya kamata a sani, masu taimakawa wajen hana yaɗa irin wannan hoto. Ga wanda ya kai shekara 18 akwai StopNCII, da aka buɗe a ƙarshen 2021. Ga wanda aka ɗauki hotonsa yana ƙasa da haka akwai Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka. Yadda suke aiki shi ne, a cikin wayarki ake ƙirƙirar wata lamba ta musamman daga hoton, lambar ce kaɗai take fita, hoton kuwa bai barin wayar. Kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, sai su riƙa tare duk hoton da ya dace da lambar. Iyakar tsarin ita ce bai shiga hirar da aka rufe da makullin sirri irin ta WhatsApp, inda a wurinmu abu ya fi yawo, don haka taimako ne, bai wadatar shi kaɗai ba.

Rahoto ga kamfani, sannan toshewa

Sai hujja ta kammala ake kai rahoto a cikin manhajar, a toshe mutumin. A WhatsApp idan ka kai rahoton lamba, saƙonni biyar na ƙarshe da ta turo maka ne suke isa ga kamfanin. A sauran manhajojin ka zaɓi dalilin da ya fi kusa da abin da ya faru, barazana ko sojan gona ko tsiraici, kuma inda aka ba da gurbin bayani ka fayyace ma'anar maganar, domin habaici da zambo na Hausa ba lallai ne mai dubawa ya gane su a matsayin cin mutunci ba. Idan a zaure ne, ka yi wa shugaban zauren magana a keɓe ya goge saƙon ga kowa, ya kuma cire mai shi.

Wace ƙofa za a buga

Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ita ce ta tarayya, sashe na 24 kuma shi ne ya shafi wannan batu. A yadda aka fara rubuta shi ya haɗa har da saƙon da zai ɓata rai ko ya zama zagi, abin da ya sa aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnati da shi, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, aka taƙaita kashinsa na farko ga saƙon batsa, da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari. Hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Barazanar da ta sa mutum tsoron kisa ko rauni tana iya kai mai ita ga ɗaurin shekara 10. A ganina gyaran ya yi daidai, domin dokar da aka yi don kare mai rauni bai kamata ta zama sandar mai mulki ba. Amma yana nufin zagi tsagwaronsa ba nan ne gidansa ba, kuma shari'ar wannan doka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta.

Ga zagi da ɓata suna da tsoratarwa, dokokin jiha sun fi kusa. Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na jiha, ta tanadi hukunci a kansu, kuma tsakanin Musulmi kotunan shari'a suna sauraron ƙazafi, wanda aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke wa bulala tamanin ga wanda ya jefi kamammiya da zina bai zo da shaidu huɗu ba. Rubutawa a Facebook ko faɗa a saƙon murya bai sauya hukuncin magana. Haka kuma a 2021 jihar Sakkwato ta amince da dokar hana cin zarafin mutane da aka fi sani da VAPP, wadda ta ɗauki bibiyar mutum, da tsoratarwa, da azabtarwa ta baki a matsayin laifi, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mutumin kusantarki ko tuntuɓarki.

Idan akwai barazana ga rai ko neman kuɗi, a rubuta takardar koke zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, a haɗa da kwafin hujjoji, a riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa. Rundunar tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, gano mai layi ta hannun hukuma ya fi sauƙi fiye da da. Kada ka je kai kaɗai idan da hali. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko hukumar ba da tallafin shari'a kyauta, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Idan lamarin ya haɗa da fyaɗe ko wata ta'adi ga jiki, Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato an buɗe ta ne domin irin wannan.

Sulhu da sharuɗɗansa

Da yawa daga cikin waɗannan rigingimu a gaban mai unguwa ko liman ko hakimi ko 'yan Hisba suke ƙarewa, kuma ban ga aibin hakan ba idan abin bai wuce zagi tsakanin dangi ko maƙwabta ba. Sai dai sulhun da ya tsaya ga a yi haƙuri, a rufa asiri, bai gyara komai. A sa mai laifin ya goge abin a gaban shaidu, daga wayar da kuma inda take ajiye kwafi a intanet. Ya janye maganar a daidai wurin da ya yaɗa ta, tunda a can aka ji ta. A rubuta yarjejeniya a sa hannu. Wanda aka zalunta kuma kada a ce ya goge hujjarsa. Inda aka yi barazanar kisa, ko aka karɓi kuɗi, ko aka taɓa ƙaramin yaro, wannan ya wuce zauren mai unguwa.

Lafiyarka da tsaron wayarka

Rashin barci, da faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara, da ƙin fita cikin mutane, abubuwa ne da suke biyo bayan irin wannan musiba. Idan suka daɗe, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, a ga likita ba tare da jinkiri ba. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Ta fuskar waya kuwa, ka sauya lambobin sirrinka duka, musamman idan wanda kuka ɓata da shi ya taɓa riƙe wayar. Ka kunna tsaro mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel, ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka ka cire wadda ba ka sani ba, kuma lambar tabbatarwa ta WhatsApp mai alƙaluma shida da ake turowa ta saƙo kada ka karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga zauren makarantarku ko na masallacinku yake kira. Ka taƙaita wanda zai ga hotonka da wanda zai iya saka ka a zaure. Idan za ka bar waya a wurin mai caji ko mai tura fina-finai, ka bar ta a kulle. Idan gyara ne da ke buƙatar buɗewa, ka cire katin ajiya, ka kwashe hotunan iyali tukuna, ko ka zauna a gyara ta a gabanka.