Kurakuran da ake yawan yi wajen tatar man ƙamshi daga daidoya, da yadda za a gyara

Jama'a masu son shiga harkar tatar mai daga ganyen daidoya ko bunsurun fadama, dan Allah a tsaya a karanta wannan kafin a kai kuɗi Panteka, kasuwar masu walda a Kaduna, a ce a haɗa tukunyar tata. Sana'ar tana da kyau kuma itatuwan namu ne, ga su nan a bayan gida da bakin fadama, amma wanda zai sayi man nan da daraja ba ƙamshi kaɗai yake biya ba, so yake kwalbar da ka kawo mishi yau ta zama iri ɗaya da wadda zaka kawo bayan wata shida. Yawancin kuskuren da ake yi a nan suke taruwa.

Na farko dai wasu ba ma man suke yi ba. A jiƙa ganye cikin man zaitun ko man kwakwa a bar shi a rana sati biyu a tace, a manna takarda a ce tataccen man daidoya ne. Wannan jiƙo ne, yana da amfaninsa wajen shafawa, amma ba shi ake nufi ba. Shi na ainihi da tururi ake fitar da shi, tururin ya ratsa ganyen ya kwaso man, ya bi ta bututun da ruwan sanyi ya kewaye, ya koma ruwa, sai man ya rabu da ruwan a kwashe. In ka ɗiga shi a farar takarda zai bushe ya tafi bai bar maiƙo ba. In jiƙo kike yi Hajiya to ki rubuta jiƙo, babu abin kunya a ciki.

Sai babban kuskuren da yafi cin mutane, rashin sanin takamaiman itacen da ake tata. Daidoya ba ɗaya bace. Akwai babbar ta gida mai faɗin ganye da ake sawa a farfesu, wadda masana ke kira Ocimum gratissimum, akwai ƙanana 'yan uwanta, sannan ga daidoyar daji da ke cika bakin hanya da kangon fili da damina, ita wannan ma wani jinsi ne daban kuma asalinta daga nahiyar Amurka ta zo. Ka aika yara su yanko maka ganye ana biyansu da buhu, wallahi duk abin da yayi ƙamshi za su haɗo maka. Abin bai tsaya nan ba, ko cikin babbar daidoyar kanta akwai wadda manta sinadarin timol ya fi yawa a ciki, akwai wadda yujinol ya fi yawa, irin na kanumfari, kuma da ido ba lallai ka bambance su ba. Bunsurun fadama ma haka yake, na wannan gari ya yi ƙamshin lemo, na wancan ya yi kamar ganyen turare. To kaga in ka gauraya na Kujama da na Mando da wanda aka kawo daga Zariya, man wannan watan daban na wancan watan daban, mai yin sabulu ko man shafawa da ya gina kayansa a kan samfurin farko ba zai sake kiranka ba.

Gyaran shine ka ɗauki reshe mai ganye da fure ka kai ɗakin adana samfurin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a tabbatar maka da sunansa. Bayan nan ka tata kaɗan ka kai a yi gwajin GC-MS, shi ne zai nuna sinadaran da ke ciki da kason kowanne, a tambaya a NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa a Zariya, aikinsu ne binciken irin wannan. In sakamakon ya yi maka, to wannan gindin da ka gwada shi ne uwa, daga jikinsa zaka riƙa yankan reshe kana dasawa. Dashen reshe ya fi shuka iri wajen riƙe halin uwar, iri yana iya canzawa saboda barbara.

Wannan ya kawo mu kan dogaro da daji. Mutum ya sayi tukunya mai cin kilo 200 bashi da ko kunya goma ta shuka, lissafinsa ai ganye kyauta ne. Sau biyu uku za a yanko an gama da na kusa, masu yankan kuma tumɓukewa suke har saiwa saboda sauri, rani ya shigo a cinna wa daji wuta, ga feshin maganin ciyawa da ya zama ruwan dare wanda baka san inda aka yi shi ba, ga kuma halin da wasu dazuzzukanmu ke ciki da ba zaka tura ɗan wani ciki da zuciya ɗaya ba. Ni abin yana damuna sosai, don itacen da iyayenmu mata ke tsinka su dafa wa mai mura bai kamata ya ƙare a unguwa saboda kasuwancin mutum ɗaya ba. Ka noma abinka, ko ka ba manoma dashe ku yi yarjejeniyar zaka saya. In za a yanka a bar kamar taƙi ɗaya ko fiye daga ƙasa, zai sake tofowa a ƙara yanka.

Lissafin yawan mai ma ana ruɗin kai. Ɗanyen ganye kilo 100 sau da yawa man da zai baka bai kai kilo 1 ba. Sai ka zauna da biro ka haɗa kuɗin yanka, kuɗin mota, itace ko gas, ruwa, kwalabe, gwaji, ka raba da abin da ya fito da gaske daga tukunyarka, ba wanda ka gani a bidiyon YouTube ba. Ka fara da 'yar ƙarama mai cin kilo 5 zuwa 10, da sikeli da littafi, kowane dahuwa ka rubuta ranar yanka, nauyin ganye, awa nawa a wuta, mil nawa ya fito.

Yanka kuma a yi shi lokacin da itacen ya fara fure, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kar a danna ganye cikin buhun leda a bar shi ya kwana, zai yi zafi ya fara ruɓa kuma warin zai bi man. Kar kuma a shanya a bakin titi cikin rana kamar barkono, man da kake nema shi ne ke tashi a iska. Inuwa, a baza shi sirara, kwana ɗaya ko biyu ya yi laushi.

Yanzu tukunya. Masu walda na Panteka gwanaye ne, duk abin da ka zana musu za su fitar, matsalar daga mai bada aikin take, ya ce a yi mishi da tsohon duro don ya rage kuɗi. Timol da yujinol basa shiri da baƙin ƙarfe, man zai yi duhu ya canza, balle duron da baka san me aka taɓa zubawa a ciki ba. Duk inda tururi da mai za su taɓa a yi shi da sitenles, wato ƙarfen da baya tsatsa, har bututun, kar a sa tiyon roba a hanyar tururi mai zafi. A sa rariya tsakanin ruwa da ganye don in ganye ya kwanta a gindin tukunya ya kama, ƙaurin ba ya fita daga man har abada. A danna ganyen daidai ko'ina musamman gefe gefe, in an bar rami tururi ta nan zai bi ya wuce ya bar sauran ganyen da mansa. Ruwan sanyaya ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, kuma abin da ke ɗigowa in ka taɓa kaji zafi ko kaga tururi na fita a bakin bututu to manka ne ke tafiya, ka rage wuta ko ka ƙara ruwa. Da yake wutar lantarki ba tabbas, tanki a sama ya fi famfo kwanciyar hankali. Kuma dan girman Allah kar a toshe bakin fita ko a sa mishi makunni, tukunyar da tururi ya rasa hanya fashewa take.

Wani abu da mutane basu sani ba, ba kowane mai ne ke tasowa saman ruwa ba. Yujinol ya fi ruwa nauyi, in daidoyarka mai shi ce da yawa wani kason man zai iya kwanciya a ƙasa ko ya tsaya cikin ruwan ya sa shi fari fari, mutum ya kwashe na sama ya zubar da sauran. A bar shi ya natsu a duba ƙasan kwalbar. Ruwan kansa yana da ƙamshi ana sayar da shi, sai dai baya daɗewa kamar man.

Ajiya a kwalbar gilashi mai duhu, a cika ta sosai a rufe gam, nesa da rana da zafi, kuma a tabbatar babu ɗigon ruwa a ciki. Jarka da gorar ruwa a'a, man yana cin roba. Kowace kwalba a rubuta lambar dahuwa da kwanan wata.

Sai maganar gaskiya a talla. Ana ƙara farafin ko man gyaɗa don ya auku, GC-MS ko ma farar takarda zai tona, kuma haramun ne. Ana kuma rubuta yana maganin taifod da suga da sanyi, a sha cokali ɗaya. Wannan mai ƙarfi ne dashi, zallansa yana ƙona fata balle ciki, ba a sha, ba a shafa wa jarirai, mai juna biyu ta nemi shawarar likita, wajen shafawa kuma kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake sawa a cikin man kwakwa ko kaɗanya. Ka rubuta haka a jikin kwalbar. Ka yi rijistar kasuwancinka da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, kayan da za su shiga shago kuma su bi ta NAFDAC, in fitarwa waje kake hari sai rijistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje.

Kasuwa kuma a nemo ta tun tukunya na ƙarama. Man citta ko na ganyen turare an san su, na daidoya da bunsurun fadama sai ka gabatar da su da kanka. Ka zuba samfur mil 5 ko 10 ka kai wa masu sabulu, masu humra da turaren wuta, masu man shafawa na korar sauro, tare da kwafin sakamakon gwajin, ka tambaye su lita nawa za su iya ɗauka a wata kuma a nawa. Amsarsu ce zata gaya maka girman gonar da zaka dasa da girman tukunyar da zaka ba masu walda.