Baƙon ƙwaro a gona: a ɗauki hoto tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani. In kun ga ƙwaro ko katantanwar da ba ku sani ba, kada ku yi saurin murƙushewa. Ku ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girma, ku ɗauki hoto, ku rubuta rana da wuri, ku nuna wa malamin gona.

Tsutsar da ta cinye tumatir a Kadawa da Kura a 2016, asalinta Kudancin Amurka ne. A kwando da dashe irin waɗannan baƙi ke tafiya, don haka ku duba bayan ganye kafin ku saya. Injin ban-ruwa na aro kuwa, a wanke tiyonsa a shanya, domin ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya kan maƙale a ciki.