Kurakuran da muke yi idan yaro ya kwanta ciwo ko ya yi ƙiriniya

Da damina ta kankama a Sakkwato, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da yaron da jikinsa ya yi rau da zazzaɓi ba. Abin da aka saba shi ne a aiki yayansa kemis, a haɗo masa magani kala uku ko huɗu a leda, a ɗura masa. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba. Ciwon kunne yana kawo shi, limoniya ma haka, da bazara kuma akwai sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 2017. Gwajin da ake ɗiban ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba, kuma ana yin sa a ƙananan asibitocin unguwa. A gwada tukuna.

Idan ya tabbata na sauro ne, maganinsa da ake kira ACT kwana 3 ake shan sa cur. Sai uwa ta ga yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, ta adana sauran don ƙanensa. Ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba, bayan kwanaki za ta dawo, ta ci gaba da shanye masa jini. Haka maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata da damina: ma'aikata suna ba da na ranar farko a gabansu, na sauran kwana biyun amana ce a hannun uwa, kuma a nan ake yawan sakaci.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne lokacin da zazzaɓi ya sa yaro jijjiga. Gida ya ruɗe, wannan ta cusa masa cokali a baki, waccan ta matsa masa albasa a ido, wata ta turara hayaƙi, wata ta ɗura ruwan rubutu alhali ba ya iya haɗiya. Duk ƙauna ce ta sa, amma cokali yana karya haƙori, ruwan kuma huhu yake wucewa. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a rage masa tufafi, kada a sa komai a bakinsa. Addu'a ba ta hana tafiya, a riƙa yi ana hanya. Yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko yake numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ba a jiran Maigida ya dawo daga kasuwa. Maza su ba da wannan izini tun kafin ranar ta zo.

Sai gudawa. Kaka za ta ce, "Haƙori na, ki bar shi, zai wuce." A girmama Kaka, amma fitar haƙori ba ta sa yaro zawo har idonsa ya faɗa. A watannin nan yake rarrafe yana kai komai baki, ƙazantar ce ke shiga cikinsa. A dama hodar ORS, wato ta ruwan gishiri da sukari, a yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a janye nono ko kunu da sunan hutar da ciki.

Baƙon dauro ma ana ɓoye shi a ɗaki. Allurarsa kyauta ce, a wata 9 da wata 15. Yaron da ya tashi daga dauro a rame, a duba bakinsa: idan dasashi ya kumbura yana wari, a gaggauta. Haka cutar noma mai cinye fuska take farawa, kuma a garin nan muke da asibitin yara na musamman dominta tun 1999. Da wuri, magani kaɗan ke tsayar da ita.

Wani abin da muke kira rashin ji ma ciwo ne. Yaron da ya dage da cin ƙasa, sau da yawa jininsa ne ya yi ƙasa, bulala ba za ta ƙara masa ba. Wanda ake ta kira bai waiwayo ba, a duba ko kunnensa na zubar da ruwa. Mai fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba, tara masa yara suna yi masa waƙa sai dai ya ƙara masa fargaba. A rage masa sha da dare, a tashe shi ya yi kafin manya su kwanta.

Ƙiriniya ta gaskiya kuwa tana nan, kuma tana son tsawatarwa. Amma "ka bari ko in kai ka a yi maka allura" tana mai da ma'aikacin lafiya dodo, ranar da ciwo ya zo sai an danne yaron da mutum uku. Kada kuma Inna ta hana, Baba ya bayar, yaro yana gane ƙofar da ke buɗe. A faɗi hukuncin da za a iya cikawa, kamar hana shi fita wasa da la'asar, a kuma cika shi. Marin fuska Musulunci ya hana, kuma mari yana iya fasa dodon kunne. Annabi (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki don kada ya dace da sa'ar karɓar addu'a. Idan rai ya ɓaci, "Allah ya shirye ka" ta wadatar, hukuncin ya jira sai zuciya ta huce.